Wai Bindigar Kakanka Ce Ka Tono a Akurba?

To, Alhaji, barka da arziki. An ce kana haƙar ramin sokawe a sabon filinka na Akurba, diga ta ci karo da wani ƙarfe, yaran gini suka ciro maka shi, tun ranar ba ka bar kowa ya sha ruwa a unguwa ba. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba, tsatsa ta ci rabinsa, ƙasa ta toshe cikinsa, amma har ka raɗa masa suna: bindigar kakanka, wadda ya ci yaƙi da ita. Wane yaƙi? Ka ce sunan ya kwanta maka, amma dai babba ne. Madalla. Gyara zama mu yi lissafi, kuma kada ka ɓata rai, don ban ma fara ba.

Filin nan gado ka ci ko saye ka yi? Ka ce saye? Ai na sani. Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha a 1996 gari ke tafiya yana cinye gonakin doya da rogo, har ya iso inda ka kafa tubalinka. To ta yaya kakanka, wanda mai yiwuwa ko sunan Akurba bai taɓa ji ba, ya ratso gonakin mutane ya binne bindigarsa daidai inda jikansa zai zo ya sayi fuloti? In haka ne ai ba mayaƙi ba ne, waliyyi ne, sai ka kai mu ziyara.

Ka ce to ko ba ta kakanka ba ce, ai dai bindiga ce? Bi a sannu. Babu abin da ƙasar gari ba ta haɗiya: ƙafar gadon ƙarfe, bututun famfo, sandar keke, salansar babur, har guntayen ƙarafan reluwe, tunda layin dogon da ya taso daga Makurɗi zuwa Kafanchan ta Lafiya ya ratsa tun zamanin Turawa. Duk wani dogon ƙarfe mai rami a ciki, in ya kwana biyu a ƙasa, sai ya fito yana hararar mutane da fuskar bindiga.

Bututun bindigar toka yana da shaidunsa. Gindinsa ya fi bakinsa kauri, domin a gindin albarushi ke tashi, can ake bukatar ƙarfi. Gindin nan a toshe yake da murfin ƙarfe mai 'yar wutsiya, wadda ake ɗaure ta a jikin ƙota. Kusa da gindin, ta gefe, akwai 'yar ƙofa da ba ta wuce a zura tsinke ba, ta nan wuta ke shiga. A ƙarƙashinsa sau da yawa za ka ga 'yan kunnuwa inda aka soke shi da katako. Bututun famfo kuwa kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, bakinsa biyu a buɗe, ga zaren ɗauri a kowane baki. Na ce ka duba, Alhaji, ban ce ka leƙa ba! Cire idonka daga bakin abin nan. Za mu zo kan dalili.

Ka ce naka bututun famfo ne, amma an toshe gindinsa da walda, ga kuma 'yar ƙofar da na faɗa? To wannan kam ka ci rabin gardama. Maƙeran gida sun daɗe suna ƙera wa maharba bindiga da bututun ruwa da sandar sitiyarin mota. Bindiga ce, ban musa ba. Sai dai ka nuna mini mai walda ɗaya a zamanin jihadi, ni kuma in ba ka goron sallah na bana da na baɗi.

Ka ce in dubi yadda tsatsa ta cinye shi, ai wannan ya yi shekara 300? Tsatsa ba takardar haihuwa ba ce. Nan Lafiya ruwa yakan sauka tun Afrilu bai ɗauke ba sai Oktoba, ƙasa ba ta rabo da laima. Ƙarfen da zai shekara ɗari a yashin Agadas yana ƙyalli, a nan damina kaɗan ta ishe shi ya koma ɓawo-ɓawo, balle in kusa da tsohon masai ko makwararar wanke-wanke ya kwanta. Ƙota kuwa kada ma ka neme ta, gara ta yi walima da ita tun ba a haife ka ba, ko kuma tun bara waccan, ita gara ba ta tambayar shekara.

Abin da ke faɗin shekarun ƙarfe shi ne maƙwabtansa na cikin rami. Zurfin nawa aka same shi? Me ke kwance kusa da shi? In wuri ne da fasassun tukwane da guntun lofe, to mu gyara zama, magana ta fara girma. In anini ne ko kwabo mai huji, kuɗin Turawa da aka fara bugawa a 1907, ka ga abin ya shigo zamanin Nasara. In kwabon Naira ne, Naira dai a 1973 ta zo. In kuwa ledar fiya-wata ce a ƙarƙashinsa, to Allah ya ba ka haƙuri, kai ka girme shi. Ka ce ba ka lura ba, yaran sun kwashe ƙasar sun cike ɗaki da ita? Innalillahi! Ka sa an zuba shaidunka a ƙarƙashin daɓen falo, sannan ka zo kana neman a yanke maka hukunci a majalisar mai shayi?

Bari mu ɗauka ka yi sa'a, ba bututu kaɗai ka samu ba, har da farantin ƙarfen nan da ke gefen bindiga, inda kunama ke aiki. Shi ne mai bakin magana. In ka ga wani ƙarfe a tsaye mai muƙamuƙi biyu da kusar matsewa, a gabansa ga wani faffaɗan ƙarfe da ɗan kasko a ƙasa, wannan mai ƙanƙara ce: muƙamuƙin ke riƙe dutsen, dutsen ya ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kasko. In kuwa 'yar guduma ce mai rami a baki, tana sauka a kan wani ɗan tsiro da ke jikin bututun, wannan ƙanwarta ce, wadda ta bazu a Turai daga wajen shekarun 1830. In ta baya ake buɗe ta a sa harsashi, ta fi su duka ƙuruciya.

Na ga ka yi tsalle. Ka ce taka mai ƙanƙara ce, ke nan ita ce babbar yaya, ta girmi 1830? Koma ka zauna, nan ne kowa ke faɗawa rami. Tsufan samfuri daban, tsufan bindiga daban. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Burasals suka ƙulla yarjejeniyar hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wato su riƙe mai aman wuta, mu su bar mana harba-ruga. Saboda haka lokacin da sojan Turai ya manta yadda ake ɗura ta, masana'antun Barmingam a Ingila da Liyaj a Beljiyam suna nan suna ƙera ta sabuwa fil domin kasuwarmu. A wani ƙaramin gari na Ingila mai suna Burandon, masu fasa ƙanƙara sun ci gaba da aiko ta Afirka har tsakiyar ƙarni na 20. Maƙeranmu kuma suka ɗauki samfurin suka yi ta kwaikwayo. Mai ƙanƙarar da ke hannunka tana iya zama ta 1800, tana iya zama sa'ar babanka. Ko dutsen ma yana da ƙabila: na Ingila baƙi ne ko toka-toka, na Faransa ruwan zuma.

Ka ce akwai rubutu a jiki, har da kambun sarauta? Yawwa, yanzu ka zo da magana. Kada ka goge shi da sanfefa, kada ka zuba masa ruwan batir. Haska shi da tocila ta gefe da yamma, rubutun zai taso da kansa, ka ɗauki hoto. In ka ga kambu da haruffa GR, Sarki Joji na Ingila ake nufi. Ka ce G ɗin Garba ne, sunan kakanka? Allah ya shirye ka. Ko Jojin ma ba ɗaya ba ne: akwai waɗanda suka yi mulki kafin 1830, akwai na biyar daga 1910, akwai na shida da ya rasu a 1952. VR kuwa Sarauniya Biktoriya ce, 1837 zuwa 1901. ELG a cikin da'ira tambarin gidan gwajin bindiga ne na Liyaj. Barmingam ma tana da nata gidan gwajin tun 1813, da tambarin sanduna biyu a gicciye. In ka ga zane uku sun haɗu a kai kamar sawun kaza, wannan shaidar kayan gwamnatin Ingila ce.

Kafin ka kira maroƙi, ga wani ruwan sanyi. Kalmar TOWER da kambun nan, waɗanda asali shaidar bindigar sojan Ingila ce, 'yan kasuwa sun yi ta buga su a kan bindigogi masu arha, domin sun gane mai saye a bakin teku yana son ganinsu. Ka ɗauka jabu a zamaninka aka ƙirƙiro shi? Kakanninmu ma an sayar musu.

To ga wanda ya fi ka ƙarfin hali, maƙwabcinka, ya ce shi ya gane ta: bindigar Magajin Keffi ce. Kai jama'a! Magaji Ɗan Yamusa dai ya kashe Kyaftin Maloni a Keffi a watan Oktoba na 1902, ya hau doki ya yi arewa, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi, shugaban Turawan mulki Lugga ya sa wannan cikin hujjojinsa na auka wa Kano, aka ci ta a Fabrairun 1903. Mutumin da ke gudun ceton rai zuwa Kano, me zai kawo shi Akurba? Ya juyo kudu maso gabas, ya haƙa rami a filinka, ya binne makaminsa, sannan ya koma ya kama hanya? Ko direban tasha mai neman cikon fasinja ba ya irin wannan zagaye.

Ka ce ai Lafiya garin Barebari ne, su kuwa Barebari sun san bindiga tun da daɗewa? Wannan gaskiya ne, ban isa in taɓa su ba. Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga tun ƙarni na 16, har da Turkawa masu koyarwa. Sarkin Kano Babba Zaki ya ajiye 'yan bindiga a fadarsa a ƙarni na 18. Sarkin Damagaram Tanimu har igwa aka ƙera masa a Zinder. Dunama da jama'arsa kuma sun kafa Lafiya sama da shekara 200 da suka wuce. Amma ka san bindiga a wancan zamani ba kayan kowa ba ce. Tana hannun sarki, sarki ya danƙa wa amintattun bayinsa. Yaƙi na kwari da baka ne, da mashi da takobi da doki. A Tabkin Kwatto a 1804 maharban kibiya ne suka karya dawakin Gobir. In da kan kibiya ka tono, da na fi saurin gaskata ka.

Sai mai cewa kakansa ne ya dawo da ita daga yaƙin Bama. Ya je, ban musa ba, dubban 'yan Arewa sun je cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Allah ya jiƙan maza. Bindigarsu Lee-Enfield ce, mai sakata a baya da gidan harsashi 10, danginta ne tsofaffin 'yan sanda ke kira Mak-fo. Ba ta kama da bindigar toka ko a duhu. Sannan soja ranar sallama ma'aji yake mayar da bindiga, ya dawo gida da lambar yabo da labari. In ka nace da ita ya dawo, to ka san abin da kake faɗa kuwa? Kana tsaye a bainar jama'a kana shaidar cewa kakanka ya saci bindigar Sarkin Ingila. Ni dai ban faɗa ba.

In kana son shaidar da ba ta da gardama, nemi kwanson harsashi. A gindinsa ake buga haruffan masana'anta, sau da yawa har da shekara. K na kamfanin Kynoch ne, RL da RG masana'antun gwamnatin Ingila ne. Wani ƙato mai wuya irin na kwalba, na Martini-Henry ne, wadda ta fito a 1871. Kwanson roba ja ko kore mai gindin tagulla na bindigar farauta ne, kuma robar ba ta girmi shekarun 1960 ba. Kwanso fanko na ce. Wanda ke da kansa a jiki, bar shi inda yake.

To wa ya binne ta? Ka shirya jin amsar da ba za ta yi maka daɗi ba? Mafi yawan lokaci maharbi ne, ko manomin da biri da gyazbi suka addabi gonarsa. Bututu ya tsage, ko kunama ta mutu, ya jingine ta a bukkar gona, bukka ta faɗi, ƙasa ta rufe. Wani kuma ba shi da lasisi, ya ji an ce ana bincike, ya tura ta ƙarƙashin rumbu, ya mutu bai gaya wa kowa ba. Ka ce wannan ba labari ba ne? Mutumin da ya ciyar da gidansa da naman daji, ya tsare doyarsa da ƙarfen da maƙerin ƙauye ya ƙera, ni ya fi burge ni da jarumin da ka ƙago jiya da daddare.

Ke kuma Hajiya, na ji ki tun ɗazu ta bayan labule. Kin ce ba bindiga ba ce, binne ne, an yi wa gidan asiri tun kafin a tare, kuma kin san mai aikin. Ranki ya daɗe, baiwar Allah da kike zargi ko hanyar Akurba ba ta sani ba lokacin da ƙarfen nan ya shiga ƙasa. Wancan lanƙwasasshen abin da kika ce ƙahon tsafi ne, marikin da ke kare kunama ne. Yi addu'arki, babu mai hana ki, addu'a ba ta ɓaci. Amma kada ki ba almajiri ya kai shi rafin Amba ya jefa, kada kuma ki sa shi a murhu wai ki ƙone sihiri.

Ka ce ka kankare wani gefe ya yi rawaya, ko zinariya ce? Tagulla ce, Alhaji. Da ita ake yin marikin kunama da farantin gindin ƙota, shi ya sa suka fi ƙarfen jure ƙasa. In kuma wani ya zo da jaka a hamata ya ce akwai jar zaiba a ciki, Turawa na saye da miliyoyi, amma sai ka fara ba da kuɗin gwaji, to ka rako shi bakin ƙofa da mutunci. Su ne dai masu bin tsohon dutsen guga da tsohon keken ɗinki. Ba a taɓa ganin wanda ya yi arziki da ita ba, sai mai karɓar kuɗin gwajin.

Yanzu bari in ɗan ajiye wasa, kaɗan dai. Ka ce abin da ya ruɓe haka me zai yi wa mutum? Maharbi a ɗure yake ajiye bindigarsa, kuma albarushin da ke toshe a gindin bututu yana iya shekaru da yawa bai mutu ba. Wuta ko dukan guduma na iya tashinsa, ruɓaɓɓen bututu kuma ba ta baki kaɗai yake fashewa ba. Wannan ma mai sauƙi ne. In abin da ka gani dunƙulalle ne, ko mai fukafukai a gindi, ko mai zobe a ka, wannan ba na hoto kusa-kusa ba ne, na ja da baya ne. Rumbun makaman barikin Ikeja ya tashi ranar 27 ga Janairun 2002, mutum sama da 1,000 suka rasu, kuma har a 2023 sojoji na tsince ragowar da ba su fashe ba. A Jamus har gobe ana kwashe unguwa guda saboda bam ɗin yaƙin da ya ƙare a 1945. Ka ce za ka sayar wa baban bola a kilo ka huta? Shi kuma ya kai wa mai narkarwa, ko ya sa guduma ya raba tagulla da ƙarfe. Kuɗin da zai ba ka ko katin waya ba zai saya ba, ka ɗauki alhakin ɗan mutane a kansa.

In kuwa abin da ka tono a naɗe yake cikin leda ko buhu, an shafe shi da baƙin mai, ga lanƙwasasshen gidan harsashi, to rufe bakinka da batun tarihi. Wannan ajiya ce, kuma mai ita yana iya kasancewa da rai, yana kuma sane da inda ya ajiye. Ba abin ɗorawa a Facebook ba ne kana murmushi a gefe.

Ka ce guntu ne kawai, ba bindiga cikakkiya ba, doka ba ruwanta? Dokar makamai ta 1959 ta lissafa sassan bindiga cikin bindiga. Ko ta toka hukuma na iya neman lasisinta. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga mai riƙe bindiga ba izini. Ka ce to ai shi ya sa ba za ka kai rahoto ba, kada a ce kai ne mai ita? Wannan tsoron na gane shi, ba zan yi maka dariya a kansa ba. Maganinsa kada ka saɓa ƙarfen a kafaɗa ka hau acaɓa ka nufi caji ofis, a tare ka a hanya ka rasa bakin bayani. Bar shi a raminsa. Ɗauki hoto yana kwance, da akwatin ashana a gefe don a gane girmansa. Leburorin da suka tono shi su ne shaidunka. Mai unguwa ya san ranar da ka sayi filin, shi zai shige maka gaba, 'yan sanda kuma suna da sashen da aikinsa ke nan.

In an duba aka ga tsohon abu ne na gaske, akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokarta ta 1979 ta ɗauki kayan hannun mutanenmu da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ka ce wa zai damu da ruɓaɓɓen ƙarfe? Wani kan mutum na yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, a gonar doya aka kafa shi yana korar dabbobi, kafin ya isa hannun mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a shekarun 1940. Daga irinsa duniya ta san Nok, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Ban ce naka zai kai can ba, kada ka je ka ce ni na faɗa. Na dai ce masu ilmin abin su gani kafin mai shayi ya yanke hukunci.

Saboda haka kori yaran nan daga bakin ramin, ka kifa masa langa-langa ka danne da dutse. Tashi ka je wurin mai unguwa yanzu, kafin ya fita kasuwa, da hoton a wayarka, ƙarfen kuma ka bar shi inda yake.